Makbet Da Umaru Bahaushe: Sarakunan Yaƙin Da Suka Hau Gadon Iyayen Gidansu

Cikin wasannin kwaikwayo na ban tausayi da William Shakespeare ya rubuta babu wanda ya kai Makbet gajarta, kuma da wuya a sami wanda ya fi shi saurin shiga zuciyar mutumin ƙasar nan. An tsara shi wajen shekarar 1606, aka fara buga shi cikin 1623, watau shekara bakwai bayan rasuwar mawallafin. Labarin ƙasar Skotland ne, amma ɗan makarantar da ke karanta shi a Tudun Wada ta Minna ba ya bukatar ƙetare teku kafin ya gane inda aka dosa, domin Bida ba ta kai mil 60 daga inda yake zaune ba, can kuwa an yi irinsa da idon duniya.

Ga yadda wasan yake a taƙaice. Makbet jarumi ne, ɗan'uwan Sarki Dankan ne, kuma shi ne ya murƙushe masa tawaye. A kan hanyarsa ta dawowa daga fagen fama, shi da abokinsa Banko, sai suka gamu da wasu matsafa mata guda uku, suka yi wa Makbet albishirin sabuwar sarauta, sa'an nan da gadon mulki, suka ce wa Banko shi ba zai yi sarki ba amma zuriyarsa za ta yi. Sarautar farko ta tabbata nan take. Ana cikin haka sai Dankan ya bayyana wa fadawa cewa ɗansa Malkam ne zai gaje shi, ya kuma tafi kwana gidan Makbet don girmamawa. A wannan dare Makbet ya kashe shi, da zugar matarsa.

Abin da ya ba wasan nauyi shi ne Makbet bai yi aikin cikin duhun kai ba. Kafin ya ɗauki wuƙa sai da ya zauna ya lissafa wa kansa amanar da ke wuyansa: Dankan jininsa ne, sarkinsa ne, kuma baƙonsa ne, wanda ya kamata ya tsare wa ƙofa. Ya san duka, ya kuma yarda ba shi da wata hujja sai dogon buri. Matsafan nan ba su ce masa ya kashe kowa ba. Sun dai faɗi abin da ke ƙarƙashin zuciyarsa ne da ƙarfi. Daga nan kuma barci ya ƙaurace masa, ya sa aka kashe Banko, ɗan Banko ya kuɓuta, kisa ya riƙa jawo kisa.

Amma wurin da ya fi cancantar a tsaya shi ne gidan Makdaf. Wannan hakimi ya gudu Ingila don ya taimaki Malkam ya ƙwato gadon ubansa, ya bar matarsa da 'ya'yansa ba mai tsaro, Makbet ya aika aka hallaka su duka. Kafin makasa su iso, matar ta zarge shi da rashin ƙaunar iyalinsa, kuma Shakespeare bai wanke shi sarai ba. Biyayya ga ƙasa ta yi karo da haƙƙin iyali, mutumin kirki ya zaɓi ɗaya, ya rasa ɗaya. Shi ne daga ƙarshe ya sare kan Makbet, amma fansa ba ta mayar masa da ko ɗa guda ba.

Sai dai akwai abin da mawallafin ya rufe, da gangan kuwa. Makbet na tarihi ya kashe Dankan a fagen yaƙi ne cikin 1040, ba a kan shimfiɗar barci ba, Dankan ɗin kuma ba tsoho ba ne. Ya yi mulki shekara 17, ƙasa ta natsu har ya sami sukunin ziyarar Roma cikin 1050, kafin Malkam ya kashe shi cikin 1057. Bugu da ƙari, tsohuwar al'adar Skotland ita ce sarauta ta riƙa zagayawa tsakanin rassan gidan sarauta, ba daga uba zuwa ɗa kai tsaye ba. Kakan Dankan ne ya karya wannan al'ada don jikansa. Saboda haka Makbet yana da nasa haƙƙi. Shakespeare kuwa yana rubutu ne a zamanin Sarki James, wanda ya hau gadon Ingila cikin 1603, yake kuma danganta kansa da Banko. Littafin tarihin Holinshed da ya ɗebo labarin daga ciki ya sa Banko cikin masu ƙulla makircin, shi kuwa ya mai da shi mutumin kirki. Mawaƙin fada, ko a Ingila yake, ya san inda ake taka sannu.

To, wannan batu na gādo shi ne ya haɗa Skotland da ƙasar Nupe. Da Malam Dendo ya rasu a Raba wajen 1833, sai rigima ta ɓarke tsakanin 'ya'yansa biyu, Usman Zaki da Masaba. Masaba, wanda mahaifiyarsa Banufiya ce, ya nemi goyon bayan tsohon gidan sarautar Nupe a kan wansa. Abin ya kai har Sarkin Gwandu Halilu ya zo da kansa wajen 1841, ya tafi da Usman Zaki Gwandu, Masaba ya zauna da mulki a Lade. Ta wannan tsagar bango ce ƙadangare ya shiga. Umaru Bahaushe, sarkin yaƙin da Masaba ya dogara da shi, ya juya masa baya, ya kore shi, ya riƙe ƙasar da kansa 'yan shekaru. Kamar Makbet, takobin da ya tsare gadon sarauta shi ne ya ƙwace shi.

Bambancin yana ga abin da ya biyo baya. Ganin gidan Dendo gaba ɗaya zai salwanta, sai zuriyar ta haɗa kai, Umaru Majigi, jikan Dendo, ya ja rundunar da ta karya Umaru Bahaushe a wajen Bida wajen 1857, Bahaushen ya hallaka. Aka mai da Usman Zaki, Bida ta zama babban birni, ya rasu cikin 1859, Masaba ya hau har 1873, sa'an nan Umaru Majigi. Daga waɗannan uku ne gidajen sarautar Bida uku suka samo sunayensu, sarautar Etsu kuma ta riƙa zagayawa a tsakaninsu. Watau abin da Skotland ta yar kafin zamanin Makbet, har jini ya kwarara, shi ne Bida ta ɗauka bayan nata jinin ya kwarara. Ba a ce zagayen ya kashe buri ba, gasa tsakanin gidajen nan ta daɗe, amma ya ba mai buri dalilin jira, abin da Dankan ya hana Makbet ranar da ya ambaci sunan Malkam.

Marubutan Hausa ma ba su bar wannan fage ba. Abubakar Imam, haifaffen Kagara cikin 1911, a Jihar Neja ta yau, ya gina littafin farko na Magana Jari Ce a kan wazirin da ke neman cin amanar sarkinsa ya hallaka magaji yayin da sarki ya tafi yaƙi. Shi Imam ya sa aku ya tsare yaron da labarai har ubansa ya dawo, makirci ya tonu. A gidan Makbet babu aku. Mai gadin ƙofa kaɗai aka samu, shi ma ya kwana a buge, bai farka ba sai da Makdaf ya yi ta ƙwanƙwasa ƙofa da asuba, bayan an riga an gama da sarki.