Raddi Ga Masu Cewa Nutural Da At Abu Ɗaya Ne

Wasu masu wayarin suna koya wa yaransu cewa nutural da wayar at duk ɗaya ne, don haka a haɗa jikin firiji ko inji da nutural a huta. Wannan magana tana iya kashe mutum, shi ya sa ba za a bar ta haka ba.

Hujjarsu ta farko, wai a taransifoma ma an haɗa nutural da ƙasa. Haka ne, an haɗa. Amma nutural hanya ce da wuta ke bi ta koma taransifoma, kullum a cikin aiki take. At kuwa ba ta ɗaukar komai sai ranar da waya mai wuta ta taɓa jikin ƙarfe.

Ta biyu, sun ce injin niƙa mai fes uku yana juyawa ba nutural. Wannan ma gaskiya ne, sai dai ba su faɗi dalili ba. Tazarar digiri 120 ce tsakanin kowane fes da ɗan'uwansa, kuma injin yana jan wuta daidai wa daida daga ukun, sai su soke juna, ba abin da ya rage. Unguwa fa? Idan fes ɗaya yana ɗauke da amfiya 40, sauran biyun 10-10, amfiya 30 ce za ta bi ta nutural. Balle a wurarenmu, inda kowa ke tururuwar komawa layin da ya fi ƙarfi. Ranar da nutural ta tsinke, ko ɓarayin waya suka yanke ta, gidajen da ke kan fes mai ƙarancin kaya wutarsu za ta haura bolt 230 ta doshi 400, ƙwai su fashe, talabijin ya ƙone. Firijin da aka ɗaure jikinsa da nutural kuwa, duk wanda ya taɓa shi wuta za ta ja shi.

Ta uku, wai ƙasa tana shanye wuta, a kafa rodi ya wadatar. Wuta tushenta take komawa, ƙasa kuma hanya ce mai tauri, musamman da rani idan ta bushe. Rodi mai turjiyar om 50 amfiya 4.6 kawai zai wuce da ita. Bireka mai amfiya 32 ko motsi ba za ta yi ba, alhali na'urar kare rai a miliamfiya 30 take yanke wuta.

Oga mai wayarin, don Allah ka bar wa shuɗiyar waya, wato nutural, aikinta, mai kore da rawaya, wato at, nata. Mai gida kuma ya nemi a sa masa na'urar kare rai, a gwada ta a gabansa kafin ya biya kuɗin aiki.