Tsohuwar bindigar kaka ba za ta tsare mu ba



A makon jiya, cikin shirinmu na dare, wani bawan Allah ya bugo waya da tambayar da muka kasa mantawa. Ya ce akwai bindigar da kakanshi ya bari, irin ta sojan Faransa, ya tono ta daga inda aka ɓoye ta, to amma in ya ja sakatar ya maida, harsashi ba ya hawa. Wani lokaci ya maƙale a karkace, wani lokaci bai ma taso ba. Ya ce ko a cikin masu saurare akwai wanda ya san gyara? Mun ƙi barin a ba shi amsa ta rediyo, kuma wasu sun ji haushi, har aka ce mun hana talaka kare kanshi. Shi ya sa muka ce bari mu zo nan mu yi bayani a tsanake.

Daga yadda ya kwatanta ta, MAS 36 ce. Sunan ya fito daga masana'antar makamai ta garin Saint-Étienne a Faransa, 36 ɗin kuma shekarar 1936 ce da sojansu suka karɓe ta. Harsashi biyar take ɗauka, mai milimita 7.5. Ta je yaƙin duniya na biyu, ta je Indosin da Aljeriya, kuma bayan ƴancin kai na 1960 da yawa sun saura a ƙasashenmu. Tun shekarun 1950 aka daina ƙera ta. Wato ko autar cikinsu ta kai shekara 70. Ku duba hwa, tsohon da ya kai hakan a gidanmu ko jakki ba a bari ya hau shi kaɗai.

Me ke hana ta cin harsashi? Ba sihiri ba ne, ba kuma hannu aka sa mata ba. A cikinta akwai rasor, abin da ƴan Najeriya ke ce ma sifirin, shi ke tura harsashi sama. Ƙarfe ne, yana tsatsa, yana rauni. Ga ƙurar hunturu da ke haɗuwa da tsohon mai ta zama kamar ƙullu. Ga damina, wadda a yankinmu na Gaya ta fi ta ko'ina a Nijar ruwa, bindigar kuwa tana kwance cikin rufewa ko a binne cikin buhu. Ita kanta ta gaya maka ta gaji.

Amma wanga duk ba shi ne ya tsorata mu ba. Harsashin ne. Sojan Faransa sun daɗe da barin wannan samfuri, don haka abin da mutum zai tarar tare da bindigar kaka sa'anta ne a tsufa. Tsohon harsashi yana da wata muguwar ɗabi'a: ka taɓa kunama ya yi shiru, ka ɗauka ya mutu, ka juyo bakin bindigar ko ka buɗe ta, sai a sannan ya tashi. Wani kuma, da ya rasa irin nata, sai ya samo na wata bindiga ya tura da ƙarfi tunda ya ga sun yi kama. Nan ne ƙarfe ke fashewa a fuskar mai shi. Sannan abin da mutane da yawa ba su sani ba, MAS 36 ba ta da makullin tsaro ko ɗaya. Haka aka ƙera ta. Sojan da aka horar ya san ba ya yawo da harsashi a baki. To kai da ka jingine ta bayan ƙofa, ga yara suna shiga suna fita?

Mun san abin da ya sa mutumin nan ya tono ta, ba mu kuma raina tsoronshi ba. Duk mun ji abin da Lakurawa suka yi a Mera ta jihar Kebbi a watan Nuwamba na 2024, kuma ba nisa gare mu da can ba. Wanda aka kore ma shanu, kar ka ce mishi ya yi haƙuri kawai. Sai dai mu faɗa ma juna gaskiya: masu zuwa bisa babura da kalashi mai harsashi 30 suke zuwa, su da yawa. Kai kana da biyar, na farkon ma ya ƙi hawa. Kuma ranar da sojoji suka zo sintiri suka tarar da kai a daji da bindigar yaƙi ba takarda, da wane baki za ka ce kai ba ɗan ta'adda ba ne? Bindigar farauta ta mafarautanmu daban, wannan daban, doka ma ba ta haɗa su ba.

Ƙasar nan tana da hukumar tattara makaman da ba su bisa ƙa'ida, CNCCAI, tun 1994. Manyanmu sun tuna ranar 25 ga Satumba 2000 da aka tara bindigogin tawaye aka cinna musu wuta a Agadas. Hanya dai akwai ta. Abin da ya rage, mutumin ƙauye yana tsoron ya kai ta da hannunshi a riƙe shi. A nan muke kira ga parefe da jandarmomi da sarakunanmu: ku fito ranar kasuwa ku faɗa da bakinku yadda ake miƙawa, mai gari ya zama shaida. In kun karɓi ta kaka kuma, to mu riƙa ganin motocin sintiri, ba sai an yi ɓarna ba.

Kai kuma malam da ka bugo waya, in kana karanta wanga rubutu, don Allah kar ka sake jan sakatar nan, kar ka kai ta wurin maƙeri, kar ka sa mata waya ko ƙusa. Ka nisanta ta da yara, bakinta ya dubi inda ba kowa, ka je ka sami mai gari ku yi magana tun yau. Za mu sake buɗe layi kan wannan batu a shiri na gaba, kuma mun aika gayyata ga jami'an tsaro su zo su amsa tambayoyinku da kansu.