Ɗalibin Nukiliya, Daina Karɓar Fayil Daga Guruf

Yau maganarmu da ɗalibai ce masu lissafin yadda niyutiron ke ratsa abubuwa, ko don furojet ko don bincike irin na NIRR-1 da ke Zariya.

Ra'ayina a taƙaice: kar ka sake karɓar fayil ɗin bayanan nukiliya daga guruf ɗin WhatsApp ko filashin aboki. Manhaja irin OpenMC ko MCNP ba ta san komai da kanta ba, abin da ka ɗora mata shi take lissafawa. In fayil ɗin ya tsufa ko wani ya taɓa shi, amsa za ta fito tsaf, amma ta banza, kuma ba za ta faɗa maka ba.

Ɗanyen bayanan, kamar ENDF/B-VIII.0 na Amurka da ya fito a 2018, ko JEFF na Turai, ko JENDL na Japan, kyauta suke a shafin IAEA. Amma fa sai an sarrafa su da NJOY kafin manhaja ta iya karantawa. MCNP kuma sai da lasisi daga Amurka.

To me zai sa ka wahala? OpenMC kyauta ce, kuma a openmc.org akwai bayanan da aka riga aka sarrafa. Nemi Wi-Fi, don gigabait ne masu yawa, datar wayarka ba za ta ɗauka ba. Ka sauke, ka nuna wa manhajar inda cross_sections.xml yake.

Sannan ka rubuta sunan bayanan da ma'aunin zafin da ka yi aiki da su a rahotonka. Ranar kare furojet, tambayar da malam zai yi maka ke nan.