Cimar Mutanen Da: Kada Mai Juna Biyu Ta Bar Gero Da Wake Da Nono

A 'yan shekarun nan wani tsarin cin abinci ya shigo mana ta wayoyin hannu, wanda Turawa ke kira Faliyo, wato cimar mutanen zamanin dutse. Masu yaɗa shi sun ce jikin ɗan Adam bai dace da hatsi ba. A ganinsu duk mai son ƙarfin jiki da tsawon kwana cikin lafiya sai ya koma ga abin da mafarauta ke ci tun kafin a fara noma: nama, kifi, ƙwai, ganyaye da 'ya'yan itatuwa. Sai ya bar gero da dawa da shinkafa da alkama, ya bar wake da gyaɗa, ya bar madara da nono, ya kuma bar sukari da gishiri.

Maganar ta fara isa kunnen matanmu, har da masu juna biyu da ke tsoron ƙiba ko ciwon suga. Ra'ayinmu a kai shi ne: akwai gaskiya a cikin rabin maganar, kuma ya kamata a ɗauke ta. Ɗaya rabin kuwa haɗari ne ga mace mai ciki da abin da ke cikinta, musamman a ƙasar Haɗeja.

Daga ina tsarin ya fito?

Wani likitan ciki a Amurka, Walter Voegtlin, shi ya fara rubuta littafi a kai a 1975. A 1985 wasu masana biyu, Boyd Eaton da Melvin Konner, suka buga maƙala a wata babbar mujallar likitoci suna kwatanta abincin mafarauta da na mutanen birni. Amma tsarin bai yi suna ba sai a 2002, da Loren Cordain ya fito da nasa littafin. Ku lura da mutanen da aka rubuta wa waɗannan littattafai: mutanen da abinci ya yi musu yawa, masu fama da ƙiba, waɗanda nama da kifi ba sa yi musu wuyar saye. Ba da matar da ke dakan gero a Guri ko Kirikasamma aka yi lissafin ba.

Abin da suka faɗa daidai

Sun yi gaskiya da suka ce sukari da kayan kwalba da na leda suna cutar da jiki. Lemon kwalba, biskit, cincin, shayi mai cokali huɗu na sukari, taliyar yara da ake dafawa cikin minti biyu, da ɗanɗanon miya da ake jefa guda biyar a tukunya ɗaya, duk suna cika ciki ba tare da gina jiki ba. Yawan gishiri na taimaka wa hawan jini, yawan zaƙi kuma na ƙara wa mai ciwon suga na lokacin ciki wahala.

Sun kuma yi gaskiya da suka yabi kifi da ganye. A nan mu ne masu arziki. Fadamar Haɗeja da Nguru tana ba mu tarwaɗa, karfasa, ƙurungu, bargi da gaiwa. Muna da zogale, rama, yakuwa, tafasa, lalo, kuka da alayyahu. Muna da riɗi, goruba, magarya, kanya, ɗinya da aduwa. Abin da wani ke biyan kuɗi mai yawa ya samu a Turai, mu yana bakin kogi da bayan gida. Kamun kifi kuwa tsohuwar sana'a ce a wannan yanki: kwale-kwalen da wani makiyayi ya gano a Dufuna ta jihar Yobe a 1987, yana haƙa rijiya, ya kai kimanin shekara 8,000, kuma ba a sami wanda ya girme shi ba a Afirka.

Inda suka kauce

Da farko, ba gaskiya ba ne cewa mutanen da ba su ci hatsi ba. A 2009 wani masani, Julio Mercader, ya ba da rahoton samun ɓurɓushin dawar daji a jikin kayan aikin dutse a wani kogo a Mozambik, waɗanda suka kai kimanin shekara 100,000. Gero kuwa ɗan gida ne. An sami shaidar nomansa a arewacin Mali tun kimanin shekara 4,500 da suka wuce. Ba a nan ta tsaya ba, jikin ɗan Adam ya ci gaba da canzawa bayan an fara noma da kiwo. Shi ya sa Fulani da yawa ke iya shan madara har tsufa ba tare da ta dame su ba, baiwar da suka gada daga kakanninsu makiyaya.

Na biyu, amfanin tsarin ga rage ƙiba bai kai yadda ake zuzuta shi ba. A ƙasar Suwidin an gwada shi a kan mata 70 masu ƙiba waɗanda suka daina al'ada, tsawon shekara biyu, aka buga sakamakon a 2014. A wata shida na farko masu cin Faliyo sun fi sauran rage kitse, amma da aka cika shekara biyu bambancin ya kusa ɓacewa. Daga baya, a 2018, aka buga cewa sinadarin aidin ya ragu a jikin waɗannan mata. Waɗannan fa ba masu ciki ba ne. Mai ciki ta fi su buƙatar aidin nesa ba kusa ba.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, lokacin ciki ba lokacin rage jiki ba ne. Daga wata na huɗu jiki na buƙatar ƙarin abinci, kimanin kalori 340 a rana, ya kai kimanin 450 a watanni uku na ƙarshe. Wannan daidai yake da ƙarin ɗan ƙwarya-ƙwaryar abinci guda, kamar kofin kunun gyaɗa da ƙosai. Idan aka cire tuwo da fura da wake daga kwanon matar da ba ta samun nama kullum, me ya rage mata?

Abubuwa huɗu da za a rasa

Jini. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa kashi 61 cikin ɗari na masu juna biyu a Nijeriya suna da ƙarancin jini. Matar da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, zubar jini kaɗan na iya kayar da ita. A gidaje da yawa gero da wake da ganye su ne ke kawo mafi yawan sinadarin ƙarfe da ke gina jini. Masu Faliyo suna cewa akwai wani sinadari a hatsi da wake da ke hana jiki tsotsar ƙarfen. Akwai shi, amma iyayenmu mata sun daɗe da sanin maganinsa: jiƙa gero ya kwana, barin ƙullu ya yi tsami, jiƙa wake kafin a dafa, duk suna rage shi. Idan aka haɗa da tumatir, lemon zaƙi, gwaiba ko garin kuka, jiki ya fi amfana. Shayi kuwa yana hana tsotsar ƙarfe, don haka a ba da tazarar awa ɗaya ko biyu tsakaninsa da abinci ko maganin ƙarin jini.

Folik asid. Wannan shi ke kare jariri daga lahanin ƙashin baya da ƙwaƙwalwa, lahanin da ke faruwa a cikin makonni huɗu na farko, tun mace ba ta tabbatar tana da ciki ba. Wake da gyaɗa da ganye suna ɗauke da shi. Wani bincike a Amurka a 2018 ya gano cewa matan da suka ƙaurace wa abinci mai sitaci kafin su sami ciki sun fi sauran haɗarin haifar jariri da irin wannan lahani.

Aidin. Shi ke gina ƙwaƙwalwar jariri, rashinsa kuma ke kawo maƙoƙo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki na buƙatar maikirogiram 250 a rana. Mu muna nesa da teku, kuma kifin kogi bai kai na teku yawan aidin ba. Tun 1993 Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishirin da ake sayarwa. Don haka a rage gishiri, amma kada a daina, kuma wanda za a saya ya zama mai aidin, a ajiye shi a rufe.

Kalsiyam. Shi ke gina ƙashin jariri, kuma samun isasshensa na rage haɗarin hawan jinin masu ciki da ke kaiwa ga jijjiga. Nono da kindirmo su ne hanya mafi sauƙi. Sharaɗi ɗaya ne: a tabbatar an tafasa madarar kafin a yi nonon, domin ɗanyar madara na iya ɗauke da ƙwayoyin cuta masu jawo zazzaɓi da ɓari. Ƙananan kifin da ake ci har ƙashi, da riɗi da ganyen kuka, su ma suna taimakawa.

Ba duk abin da aka gada ke da amfani ba

Babban kuskuren wannan tsari shi ne zaton cewa duk abin da ya tsufa ya fi lafiya. A 2015 a Ostireliya wani kamfanin ɗab'i ya fasa fitar da littafin girkin Faliyo na jarirai, bayan masana lafiya sun yi gargaɗi cewa romon ƙashi da hanta da littafin ya koyar a maimakon madara yana ɗauke da bitamin A fiye da ƙima, wanda zai iya halaka jariri. Jariri ba shi da abincin da ya wuce nonon uwa zalla har wata shida, ko ruwa ba ya buƙata. Ita ma mai ciki kada ta mai da hanta abincin kullum, musamman a watanni uku na farko, saboda wannan dalili.

Mu ma muna da namu gadon da ya kamata a duba. Kanwa tana ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka ja hankali a kan yawan kunun kanwa ga masu jego da ciwon zuciya. Mai hawan jini ko kumburin ƙafa ta kiyaye ta. Akwai kuma camfin hana mai ciki ƙwai, da na rage mata abinci don kada ɗa ya yi girma ya wahalar da ita wajen haihuwa. Yunwa ba ta sauƙaƙa naƙuda. Abin da take yi shi ne ta raunana uwa, ta kawo jariri ƙarami wanda cuta ke saurin kamawa.

To yaya kwanon mai ciki zai kasance?

Ba sai an sayi wani abu daga kanti ba. Da safe, koko ko kunun gyaɗa da ƙosai ko alala, ko dafaffen ƙwai. Da rana, shinkafa da wake ko ɗanwake, da kwaɗon zogale ko rama mai ƙuli-ƙuli, ko fura da nono mai tsabta ba tare da tulin sukari ba. Da dare, tuwon gero ko dawa da miyar kuka ko taushe mai daddawa da kifi. Tsakanin abinci, gyaɗa, kantun riɗi, kankana, mangwaro ko gwaiba, gwargwadon abin da lokaci ya kawo. Tuwon ya zama daidai, miya da ganyen su yi yawa. Kifi da nama a dafa su sosai. Wajen sayen banda kuma a guji wanda ake zargin an zuba wa maganin ƙwari, haka ma wake.

Wadda likita ya ce tana da ciwon suga na ciki, ita ma ba a ce ta bar hatsi gaba ɗaya ba. Za ta rage yawan da take ci a zama ɗaya, ta rarraba shi, ta fifita gero da dawa da wake a kan farar shinkafa da burodi, ta bar kayan zaƙi, ta kuma bi awon da aka tsara mata. Motsa jiki kuwa, tafiyar ƙafa ta rabin awa da safe ko da yamma ta isa ga mafi yawan mata, in dai malaman asibiti ba su hana ba.

Duk kyawun abinci, ba zai maye gurbin awo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2016 cewa mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas kafin ta haihu, ta kuma riƙa shan ƙwayar ƙarin jini da folik asid kullum. Idan ƙwayar na sa ki tashin zuciya ko taurin bayan gida, ki faɗa wa malamar awo, kada ki jefar da ita ki yi shiru. Idan kin ga kumburin fuska, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, jiri ko zubar jini, kada a jira gari ya waye.

Kira ga maigida da iyaye

Maigida, kai ke cefane, don haka rabin aikin a hannunka yake. Kuɗin lemon kwalba biyu ka mai da shi kifi ko ƙwai. In ka kamo kifi, kada ka kai duka kasuwa, ka ware na gida. Shekarar da aka yi ambaliya, kamar 2022 da ruwa ya cinye gonaki da yawa a ƙasar Haɗeja, hatsi kan yi tsada, kuma sau da yawa mace ita ke ci daga ƙarshe. A juya wannan tsari, a fara zuba wa mai ciki da mai shayarwa. Iyayenmu mata da surukai, maganarku ake ji a cikin gida. Ku ƙarfafa mata ta ci, ku raka ta awo.

'Yar'uwa, idan wani a waya ya ce ki bar tuwo da wake da nono don ki yi kyan jiki, ki tambayi kanki ko ya san jininki nawa ne a awon da ya wuce. Ki ɗauki shawararsa ta barin sukari da kayan leda, ki ƙara kifi da ganye, sauran kuma ki kawo wa malaman asibiti a duba tare. Ba a fafe gora ranar tafiya: jinin da za ki haihu da shi, yau ake tara shi.

Allah Ya raba lafiya, Ya raya abin da za a samu.