Sauro ba ya tambayar takardar haihuwa

Ni malamin lakkwal ne, ba likita ba, amma duk watan Oktoba ajina sai ya koma kamar ɗakin jinya. Bana, satin farko na komawa karatu, wata yarinya ƴar CE1 ta kife kai bisa tabur tana makyarkyata. Iyayenta na cikin mutanen da ƴan bindiga suka koro daga Zamfara, Sakkwato da Katsina tun 2019, suka sauka nan yankin Gidan Rumji.

Na ɗauke ta bisa babur zuwa gidan likita. Abin da aka fara tambayata: shekarunta nawa? Takwas. To, sai a biya.

A nan damuwata take. Tun 2006 Nijar ta ce magani kyauta ne ga yaran da ba su kai shekara 5 ba. Ƙwayoyin rigakafin masassarar cizon sauro da ake bi gida-gida ana rabawa da damina, na ƴan wata 3 zuwa 59 ne. Awon damtse na gano tamowa ma a nan yake tsayawa. Ƙungiyoyin agaji da suka zo garinmu, layin nan suka bi. Na san dalili: ƙanana sun fi saurin mutuwa, kuma ba na raina wanda ya ceci jariri. Amma uban da aka kwashe wa shanu, ya bar gonarsa ya tsallako iyaka da rigar wuyansa, ina zai samo kuɗin magani don kawai ɗiyarsa ta wuce biyar?

Kada a ce mini ba ya yiwuwa. Senegal tana ba da wannan rigakafin har ga yara ƴan shekara 10. Kuma ga yaran nan a tare wuri guda kowace safiya, sunansu na cikin rajista. Ko neman su ba za a yi ba.

Mu ma da laifinmu, malamai da uwayen yara. In farar mota ta tsaya ƙofar lakkwal, allo da buhun shinkafa muke roƙo. Ban taɓa jin kwamitin lakkwal ya ce a kawo ma'aikacin jinya ko sau ɗaya a sati, da abin gwajin jini da magani, ba. A taronmu na gaba ni zan tada maganar, kuma sai an rubuta ta.

Yarinyar dai ta warke, da jaka biyu da muka haɗa tsakaninmu malamai. Kujeru huɗu a bayanta har yau babu kowa.