Maganar Da Ake Yi Ƙasa-Ƙasa

A wannan wata filin namu zai taɓo maganar da akan yi ƙasa-ƙasa a New Bell da Bepanda, wato maganar mata masu zaman kansu. Mun san wasu dattawa za su ce ina ruwan jaridar al'umma da karuwai. Amsarmu ita ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma matan nan ba daga sama suka faɗo ba. Akwai wadda aka sako da goyo ba a ba ta ko sisi ba, akwai wadda aka yi wa auren dole ta gudo daga Arewa, akwai marainiyar da dangi suka juya wa baya.

Kada a yi mana mummunar fahimta. Zina haramun ce a addini, kuma karuwanci a dokar Kamaru ma laifi ne, domin sashe na 343 na kundin hukunta laifuffuka ya tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 5 da tarar sefa 20,000 zuwa 500,000. Sai dai hukuncin kan ƙare a kan macen, namijin da ya kawo kuɗinsa ya kaɗe rigarsa ya koma gida da mutuncinsa. Macen da ke tsoron hukuma kuwa ba ta kai ƙara in an doke ta, ba ta tambaya in an miƙa mata takarda.

Ga misali a nan Duwala. A shekarar 2004 wata ƙungiyar Amurka mai suna Family Health International, da kuɗin gidauniyar Bill Gates, ta fara gwajin maganin tenofovir a kan mata 400 masu wannan zama waɗanda ba su da ƙanjamau, don a ga ko zai kare su daga kamuwa. Wasu an ba su maganin, wasu an ba su ƙwayar da ba magani a cikinta. Ƙungiyar REDS ta nan ƙasar da Act Up ta Paris suka tashi tsaye, suka ce bayanin da aka fara rabawa da Ingilishi yake alhali yawancin matan Faransanci suke ji, kuma ba a yi tanadin magani mai ɗorewa ga wadda ta kamu a lokacin gwajin ba. Da gidan talabijin na France 2 ya nuna labarin a farkon 2005, sai Ministan Lafiya Urbain Olanguena Awono ya dakatar da aikin a watan Fabrairu.

Maganin kansa bai zama abin banza ba, domin a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba da shi ga duk wanda ke cikin haɗarin kamuwa. Rigimar ta tsaya ne a kan haƙƙin matan: a gaya musu gaskiya da harshen da suke ji, a kuma ɗauki nauyinsu in abu ya ɓaci. To, in mai jin Faransanci ta shiga wannan hali, yaya ta 'yar'uwarmu da ba ta jin kome sai Hausa ko Fulatanci? Binciken da aka yi a 2016 ya nuna kusan mace 1 cikin 4 daga masu wannan zama a Kamaru tana ɗauke da cutar, kuma mazan da ke zuwa wurinsu da yawansu magidanta ne masu mata a gida. Ashe ke nan ruwan da ya daki biri shi ya daki mai gona.

A nan ne amfanin jarida mai cin gashin kanta yake. Marigayi Pius Njawe ya kafa Le Messager a 1979, an kama shi fiye da sau 100, kuma a ƙarshen 1997 an kulle shi a kurkukun New Bell, nan kusa da mu, saboda labari ɗaya kan lafiyar shugaban ƙasa. Wahalar irinsu ce ta sa dokar 'yan jarida ta Disambar 1990 ta yi aiki, har aka soke tace jaridu kafin fitarsu a 1996. A Kano ma haka marubuta suka yi, suka buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, inda Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Wa Zai Auri Jahila? a 1990 ta tona illar aurar da yarinya ba ilimi. An zage su, amma matan aure sun karanta a cikin ɗakunansu. Wanda ya biya kuɗin ɗab'insa da kansa ba mai toshe masa baki, kuma shafin Hausa irin wannan yana shiga zaurukan da manyan jaridu ba sa shiga.

Saboda haka muna da kira. Ga mata: maganin rage kaifin ƙanjamau kyauta ne a ƙasar nan tun watan Mayun 2007, kuma akwai ƙungiyoyi irin su SWAA da Horizons Femmes da ke karɓar mace ba tare da gori ba. Kada wadda ta dangwala hannu a takardar da ba a fassara mata ba. Ga malamai da masu unguwanni: a tsaya wa zawarawa a kan ciyar da 'ya'yansu, a kuma matsa a yi gwajin jini kafin ɗaurin aure. Ga attajiranmu na kasuwar Kongo da masu fataucin shanu: jarin ƙosai ko keken ɗinki ya fi zagi saurin raba mace da gidan magajiya. Ga matasa masu boko: ku karanta wa iyayenku mata wannan shafi, ku kuma aiko mana da rubutunku.

Malamai sun karantar da mu hadisin karuwar da Allah Ya gafarta wa saboda ta shayar da kare mai ƙishirwa. Tunda ƙofar Ubangiji a buɗe take gare ta, bai kamata mu rufe tamu ba. Allah Ya shirye mu baki ɗaya, Ya rufa mana asiri. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.