Ba Girin-girin Ba, Ta Yi Mai

Jama'a, yau sai na faɗi abin da ya daɗe yana cin raina, wanda zai ji haushi ya ji.

Kun tuna shataletalen gaban Gidan Gwamnati? Wanda aka gina a 2017 zamanin Ganduje, don bikin cikar Jihar Kano shekara 50, aka rushe shi a watan Yunin 2023 bayan hawan Abba? Shekara shida ina bi ta gefensa in na fito daga Gama zan shiga gari. Ranar da aka rushe shi nan Facebook ba a ji kunne ba, 'yan Gandujiyya na kuka, 'yan Kwankwasiyya na tafi. Amma fisabilillahi, a duk hayaniyar nan ban ga mutum ɗaya da ya ce ga abin da ginin yake faɗa masa ba. Kowa ubangidansa yake karewa.

Ni ban ga laifin Kaltume Gana da ta zana shi ba. Ta zuba basirarta, kuma akwai ciwo a wayi gari a ga aikin mutum ya zama ɓaraguzai. Laifin namu ne, da muke auna fasaha da tsayi da yawan kuɗin da ta ci.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A Dakar, Abdoulaye Wade ya ƙaddamar da mutum-mutumi mai tsayin mita 49 a 2010, wani kamfanin Koriya ta Arewa ya ƙera, alhali talakawan Senegal na fama da ɗauke wuta. Eh, dole ka ɗaga kai ka kalla. To ai tirela ma in ta zo wucewa ana kallonta.

Yanzu ka shiga cikin gari ka tsaya gaban tsohon gida mai zanen dagi a bango, ko ka riƙe turmin da aka rina a Kofar Mata. Ba su kai kafaɗar wancan gini ba, amma ba sai an yi maka bayani ba, ka san naka ne. Ga badala tana zaizayewa, ana yanka filaye a jikinta. Mu nawa muka yi rubutu a kai?

Don haka duk gwamnan da zai sake kafa mana wani ƙaton abu da kuɗinmu, tambaya uku gare ni. Ɗan adaidaitan da ke zagaya shi sau ashirin a rana ya san me yake nufi? In aka cire sunan gwamna, akwai mai son sa? Wa zai kula da shi bayan shekara goma?

In babu amsa, wallahi siminti ne kawai aka tara, yana jiran katafilar gwamnati mai zuwa.

Wanda yake ganin na yi kuskure, bisimillah, ya gaya min me shataletalen nan ya taɓa faɗa masa. Ina sauraro.